Da Jakunana Na Kwashe Tokar Gidan Gwaggona

A zamanin da Turawa ke mulki, ni magidanci ne sabon aure a wani ƙaramin ƙauye kusa da Wagini, ƙasar Batsari. Da damina in yi noma, da rani in ɗora wa jakunana biyu gero in kai kasuwa. Mutane suna yabona da ladabi, har ni ma na yarda haka nake. Uwata ta rasu ina goye, ƙanwar ubana ce ta raine ni. Gwaggo mace ce mai tsabta da zafin zuciya, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure a Runka, ita kaɗai take zaune a gidanta.

Wata bazara da rana tsaka gobara ta tashi, iska ta kwashe ta, kafin la'asar ta cinye rabin ƙauyen, har da gidana da na Gwaggo. Ba a rasa rai ba, amma kowa ya koma gindin itace, ga damina ta ƙarato. Kuma lokacin nan ba ka isa ka sare giginya ko wani babban itace ba sai da takardar hukuma, in ka kuskura malaman daji su ɗaure ka. Bayan kwana biyu na je kasuwar Batsari, na gamu da wani masinjan hukuma da na sani. Ya ja ni gefe ya ce hukuma za ta ba mu azara da gora da izinin yankan itace, amma kayan kaɗan ne, kuma Baturen da zai zo ba ya jin maganar kowa, idonsa kawai ya yarda da shi. Wanda ya tarar da toka da baƙin kango a gidansa shi ne mai gobara, wanda bai tarar ba shi ke nan. Ya ce in na san ciwon kaina kar in taɓa tokar gidana.

Wallahi na dawo da niyyar gaya wa kowa. A hanya na fara lissafin banza: matata na da ciki, kaya kaɗan ne, in duk ƙauye suka sani ƙila ni ne zan tashi a tutar babu. Sai na kama bakina.

A al'adarmu ba a barin tokar gobara ta daɗe a gida. Ana yin gayya a share, a kai gona ta zama taki, a kafa zana mutum ya rufa asirinsa. Washegari Gwaggo ta aiko kirana, ta ce ita ba kaza ba ce da za ta zauna cikin toka, in zo da jakuna. Na je. Da hannuna na cika mangala, sawu bayan sawu. Ta ce tunda gonarta nesa take in zuba a tawa, ita ta ba ni. Ta dama mini fura da sauran geron da aka tsirar, tana sa mini albarka. Na sha, ban ƙware ba! Da ta tambayi abin da ya hana ni share nawa, na ce jakuna sun gaji.

Ranar da Baturen ya zo bisa doki da tafintansa, ya tsaya a kangona, ya duba, aka rubuta ni. Da aka isa gidan Gwaggo ya ga fili fes da sabuwar zana, sai ya kaɗa kai zai wuce. Ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce gidanta ƙurmus ya ƙone, in ba su yarda ba su tambayi ɗanta, ga shi nan tsaye, shi ya kwashe tokar. Tafinta ya yi dariya. Mai unguwa ya taka mini ƙafa, ya raɗa mini cewa in aka ɓata wa Bature rai zai soke kowa. Baturen ya dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duban takalmina har suka wuce. Duk gidajen da aka share, galibinsu na tsofaffi da zawarawa ne waɗanda maƙwabta suka tausaya wa, haka aka tsallake su.

Gwaggo ba wawiya ba ce. Ta dubi kangona da ba a share ba, ta dube ni, ta gane komai. Da na gina ɗakuna biyu na je na durƙusa na roƙe ta ta dawo wurina. Ta ce gara ruwa ya cinye ta da ta kwanta ƙarƙashin azarar nan, kuma in daina ce mata Gwaggo. Ruwan farko ya ratsa rumfarta, na biyu ya kayar da rumfar, tari ya kama tsohuwa. Surukinta ya zo ya ɗauke ta zuwa Runka. Na ce bari in gama shuka in bi ta in nemi gafara, na ce bari in gama noman farko. Ina gona aka zo mini da saƙon rasuwarta.

Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Wace irin doka ce za ta yarda da toka ta ƙi yarda da mutum? Mace ta ce gidanta ya ƙone, gari duka shaida ne, a ce sai an ga baƙi a ƙasa! Tir da wannan tsari. Amma ba zan laɓe bayan Bature ba, shi baƙo ne, bai san ta ba. Ni na san ta.

Ku da kuke rabon taimakon gobara da ambaliya a yau, ku ji tsoron Allah ku faɗaɗa shi. Ku tambayi maƙwabta, ku leƙa bayan zana, domin wanda ya fi buƙata sau da yawa shi ne wanda kunya ta sa ya gyara wurinsa. Kai kuma da ka riga kowa jin labarin yadda ake samu, tashi ka shelanta shi tun kafin ka zauna ka fara tunani. Ni na samu rufin da nake so, na zauna cikinsa shekara da shekaru, amma ban samu wanda zai ce mini ya yafe ba.