Facin Magariba a Gefen Surukina

Ɗaya ga azumi ne, bayan La'asar, ina wurin tafsiri a Shahuci. Surukina ya kama hannuna tun daga ƙofa ya zaunar da ni gefensa a sahun gaba, inda ko tari ka yi sai rabin Kano ya waiwayo.

Mu uku ke kula da wata 'yar manhajar lokutan salla da mutanen unguwa suka sa a wayoyinsu. Sai ga saƙon abokin aikina: manhajar tana nuna Magariba minti huɗu kafin lokaci. Ya rubuta gyaran, abin da muke kira faci, ya liƙa shi a shafin da muke tara rahoton matsaloli. Ƙa'idarmu kuwa, faci ba ya shiga sai wani ya karanta ya amince. Na ukunmu yana Umra, wayarsa a kashe. Saura ni.

A sanina, faci sai an sauke shi a kwamfuta, waya ba ta buɗe shi. Kwamfutata tana gida a Ƙofar Ruwa. Tashi kuma a tsallake suruki ana tsakiyar aya, gara a ce in ɗauki Dutsen Dala a ka. A raina na hango tsofaffin unguwa sun kai dabino baki rana ba ta faɗi ba, duk a wuyana. Zufar da na yi ta isa alwalar sahu biyu.

Na zura wayar cikin hannun riga, na taɓa facin don kawai in ce na gwada. Ashe an sabunta shafin! Ga facin a buɗe a waya, layin da aka cire ja, wanda aka sa kore. Layi uku ne kacal, ya gyara lissafin faɗuwar rana. Na karanta sau biyu, na amince. Da yake daga wurinmu wayoyi ke karɓar lokaci, nan take suka daidaita.

Surukina ya sunkuyo ya yi raɗa: "Injiniya, a hammata kake bin tafsirin?"

"Baba, azumin mutane nake ceto."

"To madalla. Ka ceci naka, tun ɗazu kake lasar leɓe."

A hanyar gida na ji ladan ya ɗaga murya, wayata ta yi ƙara tare da shi, babu wanda ya riga wani. Na tsaya wurin mai ƙosai na sha ruwa leda uku a tsaye.