Filank a Hannun Tsohuwar Siniyata

Ciwon baya ne ya kai ni wurin, ba sha'awa ba. Na yi shekara da shekaru a shagona na Samaru ina buga wa ɗalibai furojet a kwamfuta, daga safe har la'asar a kan kujerar roba guda. Bayan haihuwata ta uku sai bayan ya ƙi ni gaba ɗaya. In na sunkuya ɗaukar takarda, sai na dafa tebur kafin in iya miƙewa. Likita ya duba ni ya ce ƙashina lafiya lau, naman cikina da na bayana ne suka saki, ba abin da ke riƙe kugun. Ya ce in nemi motsa jiki.

Wata malamar jami'a da nake buga wa takardu ita ta gaya mini akwai ajin motsa jiki na yoga na mata zalla a Sabon Gari, a saman wani shagon labule, duk Asabar da safe. Na hau keke napep na tafi.

Mu goma sha ne a ɗakin, kowa da tabarmarta ta roba. Yawancinsu 'yan kasuwa ne na unguwar, suna ta hira da Turancin buroka. Mai koyarwar ta shigo, doguwa, ba tumbi ko kaɗan. Ban gane fuskar ba. Sai da ta tafa hannu ta ce, "Kowa ƙasa!" sannan na gane muryar.

Siniyata ce a makarantar kwana. Ita ce shugabar ɗakinmu lokacin ina aji ɗaya. Ta taɓa sa ni durƙuso a kan tsakuwa da rana tsaka, ina ɗauke da bokitin ruwa a ka, don na manta ban wanke mata safa ba. Ta cinye mini gari da sukari ba sau ɗaya ba. Ta laƙaba mini sunan tsokana da ya bi ni har na gama makaranta. Sama da shekara ashirin ban gan ta ba, ga shi na kawo kaina da ƙafata.

Na so in naɗe tabarmata in fita. Abin da ya hana ni, kada a ce na gudu.

Aka yi miƙe-miƙe da jan numfashi, sannan aka zo kan wanda suke kira filank. Ki kifa ciki, ki kafa gwiwar hannu da yatsun ƙafa a ƙasa, ki ɗaga jiki ya miƙe sambal kamar katako, ki tsaya a haka tana ƙirga. Ba motsi, ba komai. A ido kamar wasa. Kafin ta kai goma hannuwana sun fara rawa, cikina kamar ana murɗa shi. Ta zo ta tsaya a kaina, ta sa tafin hannu a ƙarƙashin cikina.

"Madam, kugunki ya lotsa. Ki tsuke ciki, ki ɗaga nan."

Na zube a tabarma. Ta wuce ta gaba ba ta ko waiwayo ba.

Na koma gida ina tafasa. Maigidana ya tambaye ni yadda aka yi, na ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To ki bari mana. Ita kaɗai ce mai koyarwa a Zariya?"

"Ba zan bari ba," na ce. "Sai na tsaya a gabanta har ta gaji da ƙirga."

Daga ranar na shiga yi a gida da safe, da kuma a shago in ba kowa, a ɗan lungun da ke bayan injin fotokwafi. Amma duk abin da ta ce in yi, shi nake ƙin yi. Ta ce a tsuke ciki, na sake shi. Ta ce in an gaji a sauke gwiwa a huta, na ce ni da sauke gwiwa a gabanta sai dai a lahira. Ta ce a riƙa numfashi, ni kuwa cije haƙora nake yi in riƙe numfashin, in a aji ne ina kallon ƙafafunta suna zagaya ɗakin. Tsawon lokacin kawai nake nema. Na kai talatin, na kai hamsin. Bayan kuwa kullum ƙara ciwo yake, na ɗora laifin a kan kujerar shago.

Asabar ta shida ko ta bakwai, ta ce za a yi na minti ɗaya. Mata suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya suna dariya. Ni na dage. Ta zo kaina.

"Sauka. Kugunki ya faɗa, za ki ji wa kanki ciwo."

Na yi kamar ban ji ba.

"Na ce ki sauka."

"Ci gaba da ƙirgarki," na ce ta cikin haƙora.

Ban kai ƙarshe ba. Wani abu ya tsarge ni daga ƙasan baya har cinya, na faɗi ta gefe na kasa juyawa. Mata biyu suka kama ni suka jingina da bango. Ta sallami ajin, ta kawo ruwa ta durƙusa gabana. Ban karɓa ba.

"Siniya, ba ki gane ni ba ko?"

"Na gane ki tun ranar farko," ta ce. "Gadonki na bakin taga ne."

Wannan ya fi ciwon bayan zafi. Ashe duk makonnin nan ta sani, tana ce mini madam.

"Kin tuna bokitin ruwa? Kin tuna tsakuwa?" Na ja wandona na nuna mata tabon gwiwata.

Ta dubi tabon, ta ɗaga kafaɗa. "Makaranta ce. Mu ma haka aka yi mana. Ke da kika kai aji shida ba ki sa kowa durƙuso ba?"

Na sa. Amma ban gaya mata ba.

"Shekarata goma sha ɗaya lokacin," na ce. "Ko haƙuri ba za ki ba ni ba?"

"In haƙuri kike so, yi haƙuri. Amma wannan bayan ba ni na ɓata shi ba. Sama da wata guda ina gaya miki ki tsuke ciki."

Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ta saurara har na gama, sannan ta sauka ta tsayar mini da keke. Na sauko matakalar ina bin bango, ban yarda ta taɓa ni ba.

Mako biyu na yi kwance, shago a rufe, ɗalibai suna ta kirana a waya. Da na koma asibiti, aka tura ni wurin mai gashin ƙashi. Ya sa na nuna masa yadda nake yi, ya girgiza kai. Ya ce in fara da gwiwa a ƙasa, in tsuke ciki kamar za a naushe ni, in riƙa numfashi, ƙirga goma ta isa. Kalma ɗaya bai canja ba daga abin da take faɗa. Na ji haushinsa shi ma.

Na bi dai yadda ya ce. Cikin 'yan watanni na daina dafa tebur, na iya goya autana zuwa bakin titi. Har yanzu ina yi kullum da safe kafin in ɗora ruwan shayi.

Ajin kuwa ban sake taka shi ba. Bara na hange ta a kasuwar Sabon Gari, layin 'yan atamfa, tana taya wani yadi. Ta ɗago ta gan ni, ta buɗe baki za ta gaishe ni. Na juya na shiga layin 'yan takalma, alhali ba takalmi na je saye ba.