Mun Ɗauke Fada Daga Ƙofarka, Illo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 7 ga watan Mayu, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran abokina Malam Illo, mai jigilar albasa daga Tabelot zuwa Agadas, bayan shekara biyu yana wankin ƙoda. Tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri ɗaya.

Illo, shekara ashirin fadarmu, wato majalisar hirarmu, tana ƙofar gidanka. Kai ke dafa shayi, ba ka yarda wani ya taɓa butarka, wai hannunmu ɓata ganye yake yi. Baƙon da ya sauka tasha bai san kowa ba, kai ke jawo shi, sai ya sha zagaye uku kafin ka tambayi sunansa.

Da likita ta ƙayyade maka ruwan da za ka sha a wuni, ga zafin garin nan, sai muka yi shawara. Ni na kawo ta, ba zan ɓoye ba. Na ce rashin tausayi ne mu riƙa kurɓa kana kallo. Muka kwashe tabarmi muka koma ƙofar Alkasum tela, muna ganin mun kyauta maka.

Daga nan ka yi shiru. Motar albasarka ta tsaya, abinci sai an matsa maka. In mun leƙo mun tarar ka juya wa ƙofa baya, sai mu fito muna yabon haƙurinka. Likita ta gaya wa matarka Biba cewa baƙin ciki ne ya danne ka, shi ma ciwo ne mai magani, yana yawan kama masu wankin ƙoda in sana'a ta tsaya mutane kuma suka janye. Da Biba ta faɗa mini, na ce mumini ba ya wannan ciwo. Maganar nan ita ke hana ni sukuni. Ba a jima ba ka fara tsallake ranakun wanki, kana cewa ka gaji.

Ranar sadakar uku Biba ta miƙo mini butarka. Ta ce kullum bayan La'asar sai ka hura gawayi, ka jera kofuna, ka zauna har wutar ta mutu. Da ta ce ka bari, ka ce mata: "Ba shayin nake so ba, Biba. Hayaniyarsu nake so."

Ga butar nan gabana, na kasa ɗora ta a wuta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Biba da ƴaƴanku, Nafi da Anas, Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma Allah Ya yafe mana. Allah Ya jiƙan ka, Illo, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai a Alkausara, inda babu mai auna maka ruwa. Amin.