Rajistocin Kubra da Ramin Bakin Hanya

A Tudun Cindo, wani ƙauye cikin ƙasar Attantané, in mutum ya ce zai tafi asibiti, to wurin Kubra Isufu zai je. Ɗaki biyu ne da rumfar kara. Ma'aikatan lafiya suna kiran irinsa kaz, mutanen gari kuwa ɗakin Kubra suke cewa. Shekara goma sha tara ke nan tana buɗe shi kowace safiya. Gajeriyar mace ce mai kaifin murya, ba ta iya raɗa ba. Aji biyu ta yi a koleji a Mayahi, mahaifinta ya rasu ta dawo gida. Da aka nemi mai karatu a gari a tura shi horo, ita aka samu.

A wurin manyanta na aiki, an fi saninta da ɓata rajista. Littafin da ake ba su yana da gurabensa: suna, shekaru, ciwo, magani. Kubra takan cika su tsaf, sannan ta ɗauki jan bik ta bi gefen takarda tana rubuta abin da ba a tambaye ta ba. Daga wace unguwa yaro ya fito, zuwansa na nawa ne, me uwarsa ta faɗa da bakinta.

Majo Mutari, shugaban asibitin da kaz ɗinta ke ƙarƙashinsa, duk zuwansa sai sun yi.

"Kubra, wannan fa littafin gwamnati ne, ba kayen rubutun ɗiyarki na lakwal ba."

"Majo, gurabenku na cika su. Gefe kuwa ban ji wanda ya ce nashi ne ba."

Shekarar da aka zuba wa hanyar garin jar ƙasa, ƴan kwangila sun haƙi wani ƙaton rami yamma da gari, suka tafi suka bar shi. Damina ta cika shi, ruwan bai ƙafe ba sai bayan sanyi. Gari ya yi murna. Ana buga bulo, ana shayar da dabbobi, mata na wanki, yara kuwa in an tashi lakwal, wato makaranta, can suke yini.

Bayan shekara biyu iyaye suka fara kawo mata yara masu fitsarin jini. Rajista ba ta da gurbin wannan. Umarnin da ke hannunta shi ne ta rubuta ciwon mara ta ba da ƙwayoyinsa. Ta rubuta, ta bayar. A gefe kuma ta sa da ja: "Jini a ƙarshen fitsari. Yana wanka a rami." Yaran suka yi ta dawowa, wasu sau uku, wasu sau huɗu.

Ta gaya wa Majo tana zaton tsargiya ce. Ya ce tsargiya ciwon mutanen bakin kogi ne, a takardun da ke ofishinsa ba a sa yankinsu cikin wuraren da take ba. Ta je wurin mai gari, ya yi dariya ya ce tun kakanni ana cewa in yaro ya yi fitsarin jini, alamar ya zama namiji ce.

"Ranka ya daɗe," in ji Kubra, "to Biba ɗiyar Hamza, shekararta bakwai, ita ma namijin ta zama?"

Mai gari ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarta da kyau.

Ana nan sai ga masu bincike daga Yamai, shugabarsu wata likita, Dokta Basira Abdulwahab. Suna bin asibitocin Mayahi da Tasawa suna ɗaukar hoton rajistocin shekara biyar, don su gano cututtukan da suka fi kawo yara asibiti, da ko maganin da ake ba su yana aiki. Sun yini ɗaya a ɗakin Kubra. Ta dama musu fura, ta juya musu shafuka da hannunta. Amma da suka koma, masu shigar da bayanai cikin na'ura gurabe kawai suka kwafa. Jan rubutun babu wanda ya duba.

Wata biyar bayan haka Majo ya kira ta a waya. Ya ce lissafi ya nuna ciwon mara na yara a Tudun Cindo ya ninka na ƙauyukan kewaye sau takwas, kuma sunaye ɗaya ne ke ta maimaituwa. Masu bincike sun ce ko dai tana rubuta yaro ɗaya sau da yawa, ko tana ƙara adadi. Za su cire ƙauyenta daga binciken kada ya ɓata sauran. Ya ƙara da cewa ranar Alhamis za a yi taron bayyana sakamako a Mayahi, amma na majo-majo ne, ban da ƴan kaz.

Ranar Alhamis da sassafe ta ɗaure rajista goma sha ɗaya a zane, ta hau kabu-kabu, ta ɗora su a cinya. Rairayi ya kayar da su sau ɗaya a hanya, ta tashi ta karkaɗe littattafan kafin ta duba gwiwarta. Mai gadin zauren ya ce sunanta ba ya cikin takarda. Ta zauna a bakin ƙofa cikin rana har aka fito shan kofi. Da aka koma, ta bi ayari ta shige, ta wuce kai tsaye ta dire ƙunshin a kan teburin Dokta Basira.

Majo Mutari ya miƙe. "Kubra, mi ya kawo ki?"

"Ƙarya aka ce na yi, Majo. Na kawo ta a gani."

Da Faransanci ake taron. Ita da Hausa ta yi magana, da muryar nan tata da ake ji har waje.

"Dokta, ɗiyan da kika ce na maimaita, ni ban maimaita su ba, ciwon ne ya maimaita su. Na ba su maganin da aka ce in ba su, bai yi ba, suka dawo. In sun dawo in kore su don lissafinki ya yi kyau?"

Dokta Basira ta ce a hankali, "Inna, ba a karanta sunayen marasa lafiya a gaban taro."

"Sunayen amanata ne, ba ke za ki koya mini rufe su ba." Ta buɗe littafi ɗaya, ta dafe sunayen da tafin hannu, ta tura mata gefen. "Nan za ki karanta."

Dokta ta karanta shafi ɗaya, ta juya, ta sake juyawa. Ta jawo littafi na biyu da kanta. Can ta ɗago ta tambayi wane rami ne wannan, tun yaushe yake, wata nawa yake riƙe ruwa. Kubra ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Dokta ta juya ga abokan aikinta ta ce ba za a cire Tudun Cindo ba sai ta je ta gani da idonta.

Bayan kwana goma ta zo da na'urar duba ƙwayoyin cuta. Aka auna fitsarin ƴan lakwal ɗari da arba'in, aka sami ƙwan tsargiya a jikin sittin da ɗaya. A bakin ramin kuma suka tsinci ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ita, manne a ganyen ciyawa. Mai gari ya zo ya sa ido a na'urar, ya daɗe yana kallo, ya tashi ya koma gida. Da yamma ya aiko wa Kubra da zabi biyu.

Wannan ya sa masu binciken suka koma kan dubban hotunan da suka ɗauka, suna karanta abin da suka tsallake. Suka tarar da ma'aikata biyu a ƙasar Tasawa da su ma suka yi irin wannan rubutu, ɗaya da fensir, kuma kusa da garuruwansu akwai irin wannan rami. Aka kawo maganin tsargiya, ana tsayar da yara jikin sandar awo ana ba kowa gwargwadon tsawonsa. Cikin makonni fitsarin yawancinsu ya washe. Majo Mutari da kansa ya riƙe sandar. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

An yi mata tayin komawa Mayahi ta riƙa duba rajistocin wasu. Ta ƙi. Ta ce magani yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ta cikin ruwa tana nan, yaran kuma gobe za su koma wanka.

Ramin yana nan har yau. Ba za a iya cike shi ba, gari na buƙatar ruwan, ita ma ta sani. Abin da take nema shi ne famfo da dandamalin wanki a gabashin gari, don mata da yara su rage shiga ramin. Ta kai takarda huɗu ofishin magajin gari, shugaban ƙaramar hukumarsu. A ta huɗun sakatare ya ce mata ta daina wahalar da kanta, in kuɗin aiki ya samu za a neme ta.

Ranar kasuwar da ta wuce an gan ta a bakin ofishin da takarda ta biyar. Wannan karon ba ita kaɗai ba ce, mata talatin da biyu ne a bayanta, uwar Biba a gaba, kowace ta dangwala yatsa a ƙasan takardar. Sakatare ya leƙo ya ce magajin gari yana cikin taro, ba a san lokacin fitowarsa ba.

"Babu komi," in ji Kubra. "Mun zo da tabarmi."