Mwanakombo da 'Yar Magen Sha'aban

Shekara ashirin da biyu ina aski a tsibirin Lamu, reza ba ta taɓa yi mini tabo ba, sai da kwando ya yi mini. Wata safiya cikin Sha'aban ina share ƙofar shago, sai ga shi yana saukowa da igiya daga tagar bene. Haka matan layinmu ke cefane: su zuro kwando, mai kifi ko mai gawayi ya zuba, su ja abinsu sama. Na matar yayana kuwa yakan sauko da mahamri, fanken nan namu mai ƙamshin kwakwa. Na zura hannu da bisimilla. Abin da ke ciki ya amsa mini da farce huɗu.

"Kai, Famau, kar ka tsorata mini yaro!" in ji ta daga sama. "Gidan ladan za ka kai shi, an yi masa gida."

Ko sannu ba ta ce mini ba.

Sunanta Mwanakombo, mai dafa abincin biki ce, shekarunta sun ɗan haura hamsin. Yayana yana aikin jirgin ruwa, sai ya yi wata huɗu ba a gan shi ba, 'ya'ya kuma duk sun yi aure. A Sha'aban kowa na rige-rigen aurar da 'yarsa kafin azumi, don haka Mwanakombo a tsaye take karyawa, a tsaye take gaisawa. Amma wannan matar da ba ta da lokacin tsefe kanta, ita ce duk ɗan magen da aka tsinta a kwata ake kai wa. Ta raine shi, ya yi ƙwari, ta nema masa gida. Kuma ba ta bayarwa sai ta je da ƙafarta ta ga gidan: akwai inuwa a saman soro? Yaran gidan masu jan wutsiya ne? Neman auren 'yarta ma bai sha wannan bincike ba.

Na sha tambayarta me take samu a ciki. Sai ta ce in ta dawo ƙafa a kumbure, ta zauna, wani abu mai nauyin albasa ya hau cinyarta yana gurnani, gajiyar sai ta rasa wurin zama. Kuma duk ranar Allah mutane na ce mata gishiri ya yi yawa, gishiri bai ji ba. Mage kuwa ba ta taɓa kushe mata girki ba.

A makon da take da biki uku ne mai gawayi ya ɗora mata wata 'yar mage a kan gawayin, naɗe cikin tsumma. Jaki ya take uwar. Ko ido ba ta buɗe ba, tsawonta bai kai cokalin shayi ba. Irin wannan sai an ɗiga mata madarar akuya da sirinji duk bayan awa biyu, in an tsallake sau biyu shi ke nan.

Mwanakombo ta tsaya da abin a tafin hannu tana lissafin tukwanen da ke jiranta. Sannan ta leƙa taga ta fara kiran maƙwabta. Kafin hantsi an raba aiki: wannan gida hantsi, wancan azahar, na gaba la'asar, ita kuma ta karɓa in ta dawo. Ni ne motar haya. In bar mutum da rabin gemu, in ɗauki kwando daga wannan igiya in ɗaura a waccan.

Kwana biyu abin ya tafi daidai. Rana ta uku madarar akuya ta ƙare a gidan Bi Esha, tsohuwar da ke da rabon azahar. Ita kuwa ba ta ga abin tada hankali ba. Ta kankare kwakwa, ta tace madararta mai kauri, ta cika sirinji.

"Haba Inna, kwakwa?" in ji Mwanakombo da ta ji.

"To me? Da ita aka yaye ni, da ita na yaye tara, ga su nan duk ƙatti. Mage ta fi ɗan mutum ne?"

Cikin 'yar magen ya ɓaci. Washegari Alhamis, ranar babban biki, biriyanin mutum ɗari huɗu, 'yar magen ta wayi gari jiki sanyi ƙalau, ko sirinjin ba ta kamawa. Mwanakombo ta ɗaure ta da zani a ƙirji, ta tsaya gaban murhu tana juya nama da albasa, lokaci-lokaci tana taɓa ƙirjin ta ji ko akwai motsi. Uwar amarya ta ɗauka ciwon zuciya ne, har ta kawo mata kujera.

Biriyani yana da sa'a guda da ba a taɓa shi. In an jera shinkafa kan nama, an rufe, an zuba garwashi a kan murfi, sai jira. Masu girki a nan suke miƙe ƙafa. Mwanakombo tana zuba garwashin ƙarshe ta yafa mayafi ta yi bakin teku, da saurin da ban san tana da shi ba. Na rufe shago na bi ta, don ina son ganin ƙarshen wannan hauka.

Bayan kasuwar kifi, ƙarƙashin wani kwale-kwale da aka kife, akwai wata mage mai kunne ɗaya da 'ya'ya uku. Mwanakombo ta karɓi kan kifi wurin masunta ta jefa mata nesa kaɗan. Uwar na tashi, Mwanakombo ta durƙusa ta goga 'yar marainiyar da buhun da 'ya'yan ke kwance a kai, ta goga ta da jikinsu ɗaya bayan ɗaya, ta cusa ta tsakiya.

Uwar ta cinye kifinta ba gaggawa, ta lashe hannu, ta lashe ɗayan. Mwanakombo tana duban rana tana cizon leɓe. Da magen ta dawo ta shinshina baƙuwar, ta yi wani huci, ta koma gefe ta zauna ta ba mu baya.

"Yaya, tukunya fa," na ce.

"Na sani."

"Mutum ɗari huɗu."

"Famau, in ba za ka shayar da ita ba, yi mini shiru."

Sa'ar ta cika, ta wuce da kwata. Can sai mai kunne ɗaya ta miƙe, ta sa harshe ta lashi bayan 'yar, ta sake lasa, ta kwanta ta ba da ciki. Muna gani ƙaramin bakin ya laluba ya kama.

Gindin tukunya biyu ya kama. Uwar amarya ta faɗi abin da ta faɗa, Mwanakombo ta ba da haƙuri ba ta kawo wani uzuri ba, kuma bikin ƙanwar amaryar wata mai girkin aka ba.

Bayan kwana huɗu ta ja ni muka koma. 'Yar magen ta yi tumbi, idanu biyu shuɗaye a buɗe, tana tangaɗi kan 'yan'uwanta. Mwanakombo ta tsuguna tana dariya ita kaɗai kamar an yi mata albishir da jika.

Na ce, "Yaya, kin ƙona shinkafa, kin rasa biki, abin ma yanzu ba naki ba ne. Wai ina ribar?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ita mako guda aka yi ana wahala da ita ta buɗe ido. Kai shekara hamsin ke nan, har yau muna jira."