Anti Batir da Kwamfutar Baba

Da asuba tana tsugune a bakin famfo, tana wanke tsofaffin buroshin haƙori. Ba na bakinta ba ne, na aiki ne. Ta jera su a taga, ta cika kwalba da ruwan kal mai tsami, ta zuba filaya da sukundireba a jaka.

Anti Batir yaran layinmu ke kiran ta. Ta tsufa a shagon gyaran rediyo har mai shagon ya mutu, daga nan ta koma bin gidaje tana buɗe tsofaffin kwamfutoci, irin masu ƙatuwar ƙeya da ake ajiyewa a saman kabad. Kowacce akwai ɗan batir a cikinta. In ya tsufa sai ya fara yoyo, ruwansa ya bi koren allon ciki yana cin hanyoyin wuta, daga waje kuwa kamar ba komai. Takan kai hanci jikin ramukan iska ta shinshina. In ta ce "Hm", to a kawo mata kujera.

Ta gida ɗaya ce ta gagare ta, ta yayanta. Kwamfutar marigayi babansu tana falonsa, an lulluɓe ta da farin zane. Duk safiya sai ya kunna ta, ta yi ɗan kukanta, sunan Baba ya fito a gilashi, ya kashe. A kan notin bayanta akwai 'yar takardar kamfani da aka liƙa, Baba kuwa ya ce kada wanda ya yage ta.

Ranar da na raka ta, don ni ne mai ɗaukar mata kaya a babur, ta shinshina ta ce, "Hm."

"Ba a gidana ba," in ji Yaya. "In an yaga, garanti ya tashi."

"Yaya, kamfanin ya rufe tun kana da gashi."

"Baba ya ce a bar ta."

"Baba ya ce ka daina shan taba."

Matar Yaya ta kawo kujera ba tare da an tambaye ta ba.

"Nan da baɗi ba za ta tashi ba," Anti ta ce. "Ka zaɓa, takarda ko kwamfuta."

Yaya ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ce zai je duba mita, ya fita. Mitar gidan a cikin falon take.

Anti ta sa farce ta raba takardar biyu, ta kwance noti. Batirin ya yi gemu, fari da kore kamar gishirin da ya sha damshi, ɓarnar ta riga ta bazu kamar faɗin babban yatsa. Ta datse shi da filaya, ta ɗiga kal, wurin ya yi 'yar kumfa. Ta goge da buroshi, ta ɗauraye, ta shanya allon a gaban fanka. Hanyar wuta ɗaya ruwan batirin ya cinye, ta haɗa ta da siririyar waya. Da allon ya bushe, ta mayar da shi wurinsa.

Yaya ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta kunna. Kwamfutar ta yi kukanta, amma kafin sunan Baba ya fito sai ta nemi a gaya mata kwanan wata.

"Kin lalata ta."

"Batirin ne ke riƙe mata rana. Ba zan sa wani batir ya zo ya ci ta bayan na mutu ba. Kullum kai za ka gaya mata."

"Kullum?"

"Wane aiki gare ka?"

Ganina na ƙarshe da ita ke nan kafin in bar unguwar. Tana tsaye a bayan kujerarsa, ya ɗaga yatsa ɗaya yana neman lamba, ita kuma tana buge masa hannu duk lokacin da ya nufi maɓallin kashewa.