Gangaren da Errol Ya Goge

A garin Riverton, idan mutum ya shafa gefen tsohon jirgin kamun kifi ya ji hannunsa ya wuce sumul, ba sartse ba kaushi, ba sai ya tambayi wanda ya yi aikin ba. Errol Tulloch ne. Tun yana ɗan saurayi ya shiga rumfar sassaƙar jirage da ke bakin kogin Aparima, a hannun wani tsoho mafaɗaci wanda ya koya masa cewa sartse ɗaya a tafin masunci abin kunya ne ga kafinta har ƙarshen ransa. Errol ya riƙe maganar nan fiye da mai ita. Da aka daina yayin jiragen katako rumfar ta mutu, sai ya kwaso halinsa ya dawo da shi gida. Ƙofar akurkin kaji ma sai da ya bi ta da samfefa, ya yi mata shafi uku na man sheƙi.

Matarsa Glenys mai taimaka wa malamai ce a makarantar firamaren garin. Ba su samu haihuwa ba, amma rabin garin ya ratsa ta hannunta, kuma har gobe akwai masu furfura da ke kiranta Whaea Glenys, yadda yara ke kiran macen da ke kula da ajinsu. A wani hutun Kirsimeti ta shigo gida da akwatin gilashi na ajin, domin ba mai kula da shi. A ciki akwai ƙadangarun ruwa guda biyu, kowanne bai fi yatsa ba, bayansu baƙi, cikinsu ja kamar garwashi. Yara sun raɗa musu Kyaftin da Uwargida. Aka koma makaranta, akwatin bai koma ba. Ya shekara ashirin da wani abu a kan teburin da ke kusa da tagar kicin.

Errol bai taɓa sa musu hannu ba. Ya dai san cewa da bazara Uwargida takan naɗe ƙwanta ɗaya bayan ɗaya a cikin ganyen ciyawar ruwa, Glenys kuma ta yi ta kai da kawo da ƙananan kwanoni, bayan 'yan watanni yara su riƙa ƙwanƙwasa ƙofa suna karɓar 'ya'yan. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani ruɓaɓɓen ɓawon itace mai gansakuka da take jinginawa a ciki. Duk ran da ya ce bari ya yi musu abin kirki, sai ta ce, "Errol, je ka ji da kajinka."

Ciwon mantuwa ya shigo mata a hankali. Da farko sunayen yara suka ɓace, sai hanyar kanti, sai ranar da ta tsaya a kicin ɗinta tana tambayar Errol cikin ladabi ko ya san inda masu gidan suka tafi. Da abin ya fi ƙarfinsa aka kai ta gidan kula da tsofaffi a Invercargill. A makon da ta tafi ya share gidan kaf don kada ya zauna, ya wanke akwatin gilashin, ya jefa ɓawon nan a murhu.

Bazarar da ta biyo baya Uwargida ta yi ƙwai, ba ta jima ba kuma ya iske ta a ƙasan ruwa ta sandare. Kyaftin ya tsufa, ba wata macen. Errol ya tsaya yana kallon ganyayyakin da aka nannaɗe, ya gane cewa daga waɗannan babu wasu. Wata ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta taɓa gaya masa cewa wani lokaci abin da mutum ya saba da shi yakan ɗan dawo da shi. Sai ya ƙudura a ransa zai raini 'ya'yan nan har su taka ƙasa, ya kai wa Glenys su zauna a tagarta.

Ya yi ƙoƙari. Ya ware su a wani akwatin, ya riƙa ɗebo musu ƙananan ƙwarin ruwa daga kududdufin bayan gida. Sun ƙyanƙyashe su goma sha wani abu, sirara kamar tsinken ashana, kowanne da geza a gefen wuya wadda da ita yake numfashi a ruwa. Ya san cewa idan gezar ta zube dole su fito tudu su shaƙi iska, domin wannan kam ya sha ji daga bakin Glenys. Don haka tun da sauran lokaci ya shiga shagonsa ya zaro guntun katakon rimu, wata bishiyar ƙasarsu mai daraja, wanda ya daɗe yana ajiya. Ya fere shi ya yi gangare irin wanda ake turo jirgi a kai, ya goge, ya shafa mai, ya bari ya bushe sarai don kada ya cutar da su, ya sake gogewa.

Ngaire, ƙanwar Glenys, takan zo ran Lahadi da gasasshen burodi naɗe da cuku. Ta leƙa akwatin ta riƙe haɓa.

"Tsoho, wannan fa? Sai sun tuɓe takalmi kafin su hau ko?"

"Ke dai ba ki san aiki ba."

"Na ga fuskata a ciki. Ni ko teburina na cin abinci bai kai shi ba. Idan na mutu kai za ka yi mini akwati, in tafi ina ƙyalli."

"Ai katakon zai ƙare kafin a zagaye ki," in ji shi. Ta jefe shi da tsumman goge kwano.

Bayan 'yan watanni gezar ta fara ƙanƙancewa. Wata safiya Errol ya zo da shayinsa a hannu ya iske biyu kwance a gindin gangaren, jan cikinsu a sama. Ya ɗauka cuta ce, ya canza ruwa. Kashegari wani ya bi su. Ya jawo kujera ya zauna, ya ga ɗaya ya iso bakin katakon, ya ɗora ƙafafun gaba, ya ɗan ja jiki, ya zame ya koma. Ya sake, ya sake zamewa. Errol ya sa cokali ya ɗora shi a sama. Idon kafinta ya gaya masa hawan ya yi tsaye da yawa, sai ya fitar da katakon ya kwantar da shi sosai, kuma tun da ya taɓa shi, hannunsa bai bar shi ya mayar ba sai da ya sake bin sa da samfefa.

Ba rana ɗaya suke rikiɗa ba, shi kuma ba zai wuni tsaye a kansu ba. Ya je kanti ya dawo ya tarar da gawa. Ya je ba kaji hatsi ya dawo ya tarar da gawa. Wanda ya ɗora da cokali ma ya gangaro ya koma ruwa bai iya fita ba. Yakan naɗe su a ganye ya binne a gindin furannin Glenys, ya wanke hannu ya daɗe a bakin famfo. Ran da suka rage uku ya sa rigar fita ya kama hanyar Invercargill, ko da yake ba ranar ziyararsa ba ce.

Ya sami Glenys a kujerar da ke kusa da taga, an taje mata kai ta gefen da ba ta so. Ya daɗe da daina ce mata Glen, domin takan tsorata idan baƙo ya kira ta haka.

"Whaea Glenys, barka da hutawa."

"Yauwa, sannu. Kai ne baban wa?"

"Tambaya na zo da ita, Whaea. Ƙadangarun ruwa nake kiwo. Ƙananan suna mutuwa."

Ta gyara zama. Ya ga wani abu ya taso a fuskarta wanda rabonsa da shi tun tana gida.

"Gezar ta zube?"

"Tana zubewa."

"To nutsewa suke yi, bawan Allah. Ka rage ruwan, ya zama da ƙyar yake rufe musu baya. Ka sa bulo a ƙarƙashin gefe ɗaya na akwatin. Me ka ba su na hawa?"

"Katako."

"Wane irin katako? Ƙafar nan tasu ba ta kai zare ba, sai ta sami abin kamawa. Ka nemo ɓawon da ya ruɓe, da gansakukarsa da dattinsa. Iya muninsa iya kyansa." Ta waiga ƙofa, ta matso ta rage murya. "Kuma kada ka bar mijina ya gani."

Errol ya kalli hannuwansa.

"Me ya sa, Whaea?"

"Mutumin kirki ne, babu kamarsa a garin nan. Amma ko ƙwai ka ba shi riƙo sai ya goge shi. Shekara nawa ina tare shi daga akwatina. Ba na gaya masa dalili, don kada ransa ya ɓaci. Abin da ya iya ke nan, ka gane, kuma ya iya ɗin." Ta yi 'yar dariya. "Ba za ka faɗa masa ba ko?"

"Ba zan faɗa ba."

A mota ya zauna riƙe da sitiyari bai tayar ba, har wani ya zo ya tambaye shi ko zai fita ne.

Gidan Ngaire ya wuce kai tsaye, domin akwai wata tsohuwar bishiya da ta faɗi a bayan shingenta. Ya gaya mata abin da aka yi a taƙaice. Ta buɗe baki, da alama wata tsokanar ce ta zo, sai ta dubi fuskarsa ta haɗiye. Ta ɗauko masa safar hannu. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya ɓamɓaro ɓawon da ya fi kowanne lalacewa, jiƙaƙƙe, ƙwari na gudu a ƙarƙashinsa. Babban yatsansa ya fara kankare gefen da kansa.

"Errol," in ji Ngaire a hankali.

Ya tsaya. Ya sa ɓawon a leda yadda yake.

A gida ya kwashe ruwan ya bar kaɗan, ya tokare akwatin da bulo, ya jingina ɓawon. Katakon rimu kuwa ya ajiye a kan tebur, ya kife shi. Kafin la'asar, ɗaya daga cikinsu ya iso, ya ɗora ƙafa, ya kama, ya ja jiki ya shige cikin gansakuka kamar dama can ya san hanya. Na biyu ya bi shi bayan kwana biyu. Na ukun ya riga ya galabaita, Errol ya iske gawarsa a ƙarƙashin ganye, ɗan taƙi kaɗan tsakaninsa da tudu.

Ya jira har biyun suka fara cin ƙananan tsutsotsi kafin ya kai su. Ya sa su a ɗan akwati mai murfi, da danshin gansakuka da jar ƙasa, ya ɗora a tagarta. Glenys ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a jikin gilashin, ɗaya ya ɗago kai, jan maƙogwaronsa na bugawa.

"Sun yi kyau. Biyu kawai?"

"Biyu suka rage."

"Haka abin yake, farkon koyo. Baɗi za ka fi haka."

Bai gaya mata babu baɗi ba. Ya jira ta ɗago ta dube shi, ta kuwa dube shi, da fara'ar da take yi wa iyayen yara a bakin ƙofar aji.

"Idan ta Riverton za ka bi, ka leƙa rumfar jirage ka ga Errol. Ya kwana biyu bai zo ba."

"Aiki ne ya yi masa yawa, Whaea."

"Na sani. Ka ce masa ya riƙa cin abinci."

Ya ce zai gaya masa. Ya nuna wa ma'aikaciyar yadda za ta riƙa yayyafa ruwa a kan gansakukar, ya ɗauki hularsa ya fita.